Neman Takalmin Baba, Daga Tsibiri Zuwa Bakura

Lahadi: Mafara zuwa Tsibiri

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gida, bayan na yi salla na dama wa yara koko na rufe musu. Maigidana ya ɗauke ni a babur ya kai ni tashar Maradun. Ni malamar firamare ce a Talata Mafara, lokacin kuma muna dogon hutu, shi ya sa na sami sararin tafiyar. Abin da ke cikin jakata bai wuce kwali biyu da na yanko daga katan ɗin sabulu ba, sai biro da almakashi da kayan sawa na kwana biyu.

Dalilin tafiyar mahaifina ne, Malam Garba, manomi a Tsibiri. Ya fi shekara goma da ciwon suga, har ƙafafunsa sun daina jin zafi ko sanyi. Da ƙaramar salla yayana Nasiru ya aiko masa da takalmi sau-ciki na fata daga Abuja, mai tsinin baki. Baba ya sa ya je idi, ya zaga gaisuwa, bai cire ba sai la'asar. Takalmin ya ci masa babban yatsan hagu bai sani ba. Kafin a ankara wurin ya ruɓe, sai da aka yanke yatsan a asibiti. Ranar da aka sallame mu likita ya ce mana ƙafar ba za ta ɗauki rauni na biyu ba, idan aka kuma, daga idon sawu za a cire. Ya hana silifa, ya hana yawo ba takalmi. Ya ce a nemo kambas mai faɗin baki, mai ƙarfin ƙasa, a auna shi da ƙafar da yamma lokacin da ta kumbura. Tun daga ranar Baba bai wuce zaure ba, wata huɗu ke nan.

Motar ta cika tun shida da kwata, amma ba mu tashi ba. Saboda 'yan bindiga, a hanyar nan ba a fita sai sojoji sun bi ta sun dawo. Bakwai da minti goma direba ya tada mota, ƙarama ce, mu shida a ciki ban da buhun gishiri. Kuɗin mota naira dubu ɗaya da ɗari biyar. Gero ya yi tsawo ya rufe gefen hanya dama da hagu, kuma a irin wannan lokaci ba wanda ke son hira a mota. Shinge uku muka wuce, biyu na sojoji, ɗaya na askarawa 'yan sa-kai. Takwas saura kwata muka shiga Maradun. Daga nan na hau babur, takwas da kwata ina tsakar gidanmu.

Na tarar da Baba a kan tabarma gindin darbejiya, ƙafar hagu a kan filo. Muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, da ruwan bana, da mutanen Mafara. Inna ta kawo fura. Ban taɓa maganar takalmi ba sai bayan la'asar, da na ajiye kwalin a ƙasa na ce ya tashi ya taka.

"Mi za ki yi da sawuna?" in ji shi.

"Awo zan ɗauka, Baba."

"Da can in anka ga mutum na ɗibar sawun wani, sai a kai shi gaban hakimi."

"To ɗiyarka ta," in ji Inna. "In ta sammace ka, ni ad da riba, in huta da jinya."

Ya dafa kafaɗar Inna ya miƙe. Na durƙusa na zagaye ƙafar dama da biro, sannan ta hagu. Da ya ɗaga ta na ga inda layin ya faɗa ciki a wurin yatsan da babu. Na lura kuma duk lokacin da ya saki nauyinsa a kan hagun, sai ƙafar ta karkata ciki, shi kuma ya yi tangaɗi. Na yanke kwalayen, na rubuta dama da hagu a kansu. Ta dama ta fi faɗi da kusan yatsa guda.

Litinin: Tsibiri zuwa Bakura

Ban san komai a kan kambas ba, in ban da wanda nake saya wa yara. Maigidana ne ya ce kada in shiga kasuwa sai na ga kawunsa, Kawu Sule, a Bakura. Shi direba ne a wurin aikin dam na Bakolori tun zamanin Turawan da suka gina shi, a wurinsu ya koyi ƙwallon tanis, ya yi ta bugawa har gwiwa ta hana shi.

Na bar Tsibiri bakwai da rabi. Tara daidai ina Mafara, ban shiga gida ba, na wuce tashar Sakkwato. A shingen da ke fitar gari wani askari ya ce kowa ya buɗe jaka. Ya zaro kwalayen, ya juya su, ya dube ni.

"Hajiya, minana wanga?"

"Ƙafar mahaifina ce. Takalmi zan saya masa."

Ya ƙirga yatsun hagun da ɗan yatsansa, ya tsaya a huɗu. Ya mayar mini da su da hannu biyu ya ce Allah ya ba shi lafiya.

A Lambar Bakura muka bar babban titi. Tafiyar duka ba ta kai awa ɗaya ba, kilomita talatin ne ko ƙasa da haka. Goma da minti ashirin na yi sallama a gidan Kawu Sule. Dogon tsoho ne siriri, yana ɗingisawa kaɗan. Matarsa, Gwaggo Asabe, ta kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ɗanya da kifin dam. Sai da na ci na sha ruwa sannan ya ce in faɗi abin da ke tafe da ni.

Ya daɗe yana kallon kwalayen. Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon farin kambas da ya koma ruwan ƙasa, da wani baƙi na ɗansa.

"Mutane na cewa dut kambas kambas na," in ji shi. "Ba haka ba ne. Wanga baƙin na gudu na. An yi shi don mai tahiya gaba kawai, shi ya sa shika da laushi da tudu. Wanga kuwa na tanis na. Mai tanis gehe da gehe shika tsalle, in takalmi ya karkata, idon sawu ya tai. Babanki ya rasa yatsan da ka riƙe mutum. Ba laushi shika bukata ba, abin da ba ya karkata shika bukata."

Ya ba ni baƙin ya ce in murɗa shi kamar ina matse wanki. Ya murɗu. Ya ba ni farin, na yi iya ƙarfina, da ƙyar ya motsa. Ya ce in matse bayan dunduniya da yatsu biyu. Na baƙin ya lotsa, na farin ya tsaya kamar ƙoƙo. Ya ajiye su a kan benci ya dangwale kowanne daga gefe: baƙin ya yi rawa, farin bai kula ba. Sannan ya lanƙwasa su, ya nuna mini cewa takalmin kirki a gindin yatsu yake lanƙwasa, ba a tsakiya ba.

Na ce, "Kawu, to daɗin sawa fa? Ai Baba ko ƙusa ce a ciki cewa zai yi lafiya lau."

"Shi ya sa ba za ki tambaye shi ba. Hannunki za ki sa ciki, ki rufe ido, ki bi ko'ina. Dut ɗinkin da yac ci miki yatsa, zai ci mashi ƙahwa. In kin kai mashi kuma, ya sa ya yi tahiya rabin awa, ki cire ki duba. Hwata ba ta ƙarya."

Ya ce gobe Talata, tare za mu shiga kasuwa, shi ma ya kwana biyu bai ga Mafara ba. Na kwana a ɗakin Gwaggo Asabe.

Talata: kasuwar Mafara

Mun tashi daga Bakura bakwai da kwata a motar 'yan kasuwa, mu da kwandunan tattasai. Takwas da rabi muka sauka. Layin 'yan gwanjo yana can bayan masu atamfa, sai an ratsa ta wurin masu robobi. Rumfa biyu na farko ba mu daɗe ba. Kawu ya ɗaga takalmi uku ko huɗu, ya murɗa, ya ajiye, muka yi gaba. Mai rumfa ta biyu ya ce, "Baba, in ba saye za ka yi ba, kada ka karya mini kaya." Kawu ya ce wanda murɗa ke karyawa ai ba kaya ba ne.

A rumfa ta uku muka zauna. Mai ita, Ɗanjuma, ya kwance sabuwar dila a ranar, ya zube mana takalma a kan leda. Ya tambayi lamba. Na ce arba'in da uku Baba ke sawa da.

"Bar maganar lamba," in ji Kawu. Ya ɗauki takalmi ya zaro shimfiɗar cikinsa, ya ɗora kwalin ƙafar dama a kai. Kwalin ya leƙo ta gefen ƙaramin yatsa. Ya ajiye. Haka ya yi ta yi. A cikin takalma goma sha ɗaya da muka gwada, bakwai sun faɗi tun a nan, har da masu lamba arba'in da huɗu. Ɗaya ya wuce awo amma ƙasansa ya cinye ta gefe guda, mai shi na farko da karkace yake tafiya. Wani kuma da na sa hannu na ji dunƙulen ɗinki daidai inda yatsu ke kwanciya.

Biyu suka rage. Ɗaya fari ne mai ratsin kore, na tanis, ƙasansa shimfiɗaɗɗe mai faɗi, bakinsa kamar na kwaɗo. Ya ci duk jarrabawar Kawu, kuma tsakanin kwalin da bakinsa akwai sararin babban yatsan hannu. Ɗayan baƙi ne wuluk, mara ado, mara nauyi, mai laushi kamar burodi. Awonsa ya yi, sai dai a takure, kuma yana murɗuwa.

"Farin," in ji Kawu.

Na ce, "Kawu, ka san Baba. Mutum ne mai sahun gaba a masallaci. Ba na jin zai sa fari mai ratsin kore. Takalmin da aka ajiye a ƙarƙashin gado kuwa bai tsare komai ba."

Bai yi mini gardama ba. Ya juya ya ce wa Ɗanjuma ya bar ni in tafi da duka biyun, wanda bai yi ba in dawo da shi ranar Alhamis. Ɗanjuma ya san maigidana, ya yarda. Kowanne naira dubu goma sha takwas ne. Na sayi safa fara ta auduga guda uku, mara roba a wuya. Kawu ne ya ce fara, don ko ɗigon jini ne a gan shi.

Kafin mu rabu ya kai ni wurin wani mai gyaran takalmi a bakin kasuwa. Ya sa aka yanko soso mai laushi aka manna a shimfiɗar hagun kowane takalmi, daidai gurbin yatsan da babu, don kada ƙafar ta riƙa zamewa gaba. Sha biyu da rabi na raka shi tasha. Ya ƙi karɓar kuɗin mota. Na kwana a gidana.

Laraba: Mafara zuwa Tsibiri

Wannan karon ba mu tashi ba sai tara saura, an ce an ga babura a wani ƙauye da ke gaba, aka tsare hanya har aka tabbatar. Ba mu ga komai ba. Goma da kwata na isa gida.

Na jira har bayan azahar, sannan na wanke wa Baba ƙafa da ruwa mai ɗumi, na goge tsakanin yatsu, na duba ko'ina don in san yadda fatar take kafin a fara. Na ajiye takalman a gabansa. Ko kallon farin bai yi ba.

"Wanga dai," ya nuna baƙin.

Na sa masa safa, na sa takalmin, na ɗaure igiya. Na duba agogon wayata, biyu da minti arba'in. Ya riƙa zagaya tsakar gida da sanda, daga rumbu zuwa turken awaki, ya dawo. Ina biye da shi a baya ina kallon dunduniyarsa. Duk takun hagu sai takalmin ya kwanta ciki. Sau biyu ya kai hannu ya dafa bango.

"Yaya kake ji, Baba?"

"Lahiya lau. Awa bisa katihwa nike."

Uku da minti goma na ce ya zauna. Na cire. A gefen ƙaramin yatsan dama akwai ja kamar faɗin ƙwayar gyaɗa. Na danna, ya yi fari, ya koma ja. Muka jira minti goma sha biyar bai gushe ba. Na kira Inna ta gani, na ɗauko madubinta na riƙe masa ya gani da idonsa.

Ya daɗe yana kallon madubin. "Wallahi ban ji komi ba," in ji shi a hankali.

"Na sani, Baba. Wancan karon ma ba ka ji ba."

Inna ta koma wurin tankaɗe. Sai da jan ya baje sannan na jawo farin, bai ce a'a ba. Na sassauta igiyar har ƙasa, ƙafar ta shiga ba tare da turawa ba. Na danna bakin, akwai sarari. Na sa yatsa a bayan dunduniya, ya shiga da ƙyar, yadda Kawu ya ce. Ya miƙe. Ya tsaya yana jujjuya nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan.

"Shina da nauyi."

"Eh."

"Amma ƙasa ta tsaya wuri guda."

Ya yi rabin awarsa. Bai dafa bango ba, sandar ma a ƙarshe jan ta kawai yake yi. Da na cire, na bi ƙafafun biyu da ido da hannu, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Babu ja, sai shatin safa, shi ma ya ɓace kafin in gama dubawa.

Ya ce, "To igiyag ga hwa? Sau biyar nika zuwa masallaci. Kullum sai in duƙa ina ƙulli awa ɗan makaranta?"

Na ce idan aka bar ta a sake, takalmin ya zama silifa, an koma gidan jiya. Inna ta ce akwai tsohon turmi a bayan ɗaki, a kifa shi a ƙofar masallaci ya riƙa zama a kai, alwala kuwa ya yi ta a gida ya goge ƙafa. Baba ya ce za a yi masa dariya. Inna ta ce wata huɗu yana kwance ba wanda ya yi masa dariya, ya gaya mata ko ya ji daɗin hakan.

An kira la'asar an yi ba da shi ba, muna wannan aiki, a gida ya yi tasa. Da aka kira magariba ya ce in ɗaure masa. Ya sa babbar riga da hula, farin takalmin na leƙowa a ƙasa. Na tsaya a zaure ina kallo. Masallacin bai fi taku ɗari ba. A ƙofarsa akwai Malam Isa, abokin wasansa tun suna yara, yana alwala. Ya ɗago ya dubi Baba, ya dubi ƙafarsa.

"Garba, ƙwallo za a buga?"

"An riga an ci ni ɗaya," in ji Baba. "Gida nika tsaro."

Dattawan suka yi dariya, wani ya matsa masa a kan dakali. Ya zauna ya kwance igiyarsa da kansa, a hankali, ya jera takalman a gefe ya shiga.

Alhamis: komawa gida

Da safe na nuna wa Inna yadda za ta riƙa yi: ta zazzage takalmin ta sa hannu a ciki kafin ya sa, saboda tsakuwa ko ƙaya, da yamma kuma ta duba ƙafar a haske. Kwanakin farko kada ya wuce awa ɗaya da shi a jere. Idan ta ga ja da bai gushe ba, ta sa a kira ni a waya. Baba ya tambaya ko zai iya zuwa ya ga geronsa. Na ce bayan sati biyu, in ƙafa ta yarda, kuma in hanyar gonar ta yi lafiya. Ya ce na biyun ba a hannunsa yake ba.

Na bar Tsibiri takwas saura kwata, na sami mota a Maradun ba jira. Tara da rabi ina Mafara. Na bi ta kasuwa na mayar wa Ɗanjuma baƙin takalminsa, na ce ya cire soson da ke ciki kafin ya sayar. Goma da kwata na shiga gida, na tarar yara sun ƙone tukunyar shinkafa, in ban da wannan kowa lafiya. Na kira Yaya Nasiru na gaya masa yadda aka yi. Ya ce zai aiko da wani irinsa. Na ce ya aiko da kuɗin dai, ƙafar tana nan wurinmu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni a kan hanyar da ba kowa ke dawowa ba. Na gode wa Kawu Sule da Gwaggo Asabe, da direbobin da ban san sunansu ba. Ranar Juma'a ta uku bayan dawowata Inna ta kira ni. Ta ce Baba ya je gona da safe, ya dawo da zangarniya biyu a hannu, ta duba ƙafar ba ta ga komai ba.